Kamfanin Da Ba Ya Sayar Da Kome

A ƙasar Amurka da ta Ingila akwai waɗansu mutane masu wata al'ada wadda in Bahaushe ya ji labarinta karo na fari sai ya yi tsammani ba'a a ke yi masa. Mutum ne da aikinsa na sosai, ko malamin makaranta, ko makaniki, ko likita, ko akawun banki. Ran Asabar, da ya ke ba ya zuwa aiki, sai ya shiga madafa ko ɗakin ajiye mota, ya ɗora tukunya, ya wuni yana dafa giya. Ba ya sayarwa, gama doka ta hana shi karɓar ko anini a kanta. Amma duk da haka sai ya raɗa wa wannan kusurwar ɗaki suna irin na kamfani, ya sa a rubuta sunan bisa allo ya kafa a bango, ya kuma buga shi bisa 'yan takardu ya manna wa kwalabe. Ga kamfani, ga suna, ga tambari, amma ba kanti, ba ma'aikaci, ba mai saye. Wani ma ya kan fi daɗewa wajen neman sunan bisa ga kwanakin da giyar ke yi kafin ta nuna.

Giya dai haramun ce ga Musulmi, shanta da dafa ta da sayar da ita, wannan kuwa ba abin gardama ba ne. Mutanen da a ke magana a kansu addininsu dabam, dokar ƙasarsu dabam. Abin da ke cikin kwalba nasu ne. Abin da ya cancanci a tsaya a duba shi ne 'yar takardar da ke manne a jikinta, domin ita ta shafi ko wane mai sana'a, ko maƙeri ne, ko majemi, ko mai ɗinkin hula.

Ga yadda aikin ya ke a taƙaice. Hatsin da su ke amfani da shi sha'ir ne. A kan jiƙa shi har ya fara tsiro, sa'an nan a busar da shi, a ɓarza. Yawancin masu dafawa a gida a kanti su ke sayensa, an riga an gama wannan wahala. Sai mutum ya zuba ɓarzajjen cikin ruwan zafi kamar sa'a guda, har zaƙin hatsin ya fita, ya tace, ya tafasa ruwan kamar wata sa'a guda tare da wani fure mai ɗaci da ƙanshi wanda a ke kira hof. In ya huce sai ya juye cikin bokiti mai murfi ko babban tulun gilashi, ya sa yis, ya rufe, ya ajiye a wuri mai sanyi mako ɗaya ko biyu. Daga nan ya ɗura a kwalabe, ya ƙara jiran kamar mako biyu. Abin da aka fi dafawa a tashi ɗaya galan 5 ne na awon Amurka, watau lita 19, kusan cikin garwar kananzir guda ke nan. Wannan ya kan cika ƙananan kwalabe wajen 50. To, kwalba 50 ɗin nan ita ce dukan dukiyar kamfanin.

Wanda ya taɓa zama a wuraren da a ke dafa burukutu, kamar ƙasar Filato ko ƙauyukan Maguzawa, zai ga aikin nan bai yi nisa da nasu ba. Dawa ce maimakon sha'ir, ita ma a jiƙa ta tsira, a shanya, a niƙa, a dafa cikin manyan tukwane. Mata ne ke yi, kuma don sayarwa su ke yi. Amma ba a saba jin mai burukutu ta raɗa wa tukwanenta suna ba. In za a yi kwatance sai a ce gidan wance, ko gindin ɗorawa, ko bayan kasuwa. Abin ya zo a juye ke nan: mai sayarwa ba ta da suna, wanda ba ya sayarwa ga shi da suna har da tambari.

Dalilin bai ɓuya ba in an lura. Burukutu ba ya daɗewa, kwana ɗaya ko biyu ya yi tsami. A ƙwarya a ke shansa, a gaban wadda ta dafa. Mai sha yana ganin fuskarta, in ya ji daɗi ya san wadda zai yaba wa, in abin ya lalace ya san wadda zai zarga. Fuskarta ita ce tambarinta. Giyar kwalba kuwa tafiya ta ke yi. Mutum ya ba abokin aikinsa kwalba shida, abokin ya kai gida ya ajiye wata biyu, ya buɗe ɗaya ga surukinsa wanda bai taɓa ganin mai dafawar ba. A nan mai aikin ba ya nan balle ya ce, ni na yi. Sai ya aiki wakili, wakilin kuwa shi ne sunan.

Turawan Ingila sun daɗe da sanin wannan, ko da ya ke su ma daga inda masu burukutu su ke suka faro. Shekaru 600 ko 700 da suka wuce yawancin giyar Ingila mata ne ke dafa ta a gidajensu. In mace ta dafa fiye da abin da iyalinta za su sha, sai ta kafa sanda a bisa ƙofa da ganye a ɗaure, mai wucewa ya san akwai ta sayarwa. A shekarar 1393 Sarkin Ingila Richard na Biyu ya yi doka cewa duk mai dafa giya don sayarwa lalle ya rataya alama a ƙofarsa, in ya ƙi a ƙwace giyar. Nufin dokar shi ne ma'aikacin da aka naɗa don ɗanɗanawa da duba awo ya san inda zai shiga. Watau tun farko alama ba ado ba ce, hanya ce ta kama mai ha'inci. A zamanin nan kuwa talakawan Ingila ba su iya karatu ba, saboda haka ba a rubuta kalmomi bisa allunan, sai a zana hoto: jan zaki, ko farar barewa wadda ita ce alamar Sarki Richard kansa, ko kambin sarauta, ko ƙararrawa. Mutum ya ce wa abokinsa, mu haɗu a Jan Zaki. Da karatu ya yaɗu sai aka rubuta sunan ƙarƙashin hoton, amma ba a cire hoton ba. Da aka buɗe ofishin rajistar tambarin kaya a Landan ran 1 ga Janairu 1876, tambarin da ya sami lamba ta ɗaya na kamfanin giya ne, Bass na garin Burton, wata jar alama mai kusurwa uku. Ana ba da labari wai wani ma'aikacin kamfanin a bakin ƙofar ofishin ya kwana, don kada wani ya riga shi.

A Amurka kuwa sai da mai dafawa a gida ya daɗe yana ɓoye kansa. Daga Janairu 1920 zuwa Disamba 1933 gwamnati ta hana yin giya da sayar da ita a dukan ƙasar. Kamfanoni da yawa suka rufe, waɗansu suka koma sayar da ruwan zaƙin sha'ir a gwangwani, wai don yin burodi. Mutane suka yi ta saye, abin da suka yi da shi kuwa ba burodi ba ne. A wannan zamani ba mai raɗa suna, gama wanda ke ɓoye tukunyarsa ba ya kafa allo. Da aka ɗage hanin, sai aka yardar wa mutum ya yi giyar inabi a gidansa, amma ba a ambaci ta hatsi ba. Masu bin tarihin abin suna cewa wai kuskuren wani magatakarda ne, wanda ya tsallake kalma biyu ko uku wajen kwafe dokar. In haka ne, tsallaken alƙalami ɗaya ya ɗaure mutane shekara 45, abin lura ga duk wanda aikinsa kwafe takardu ne. Sai ran 14 ga Oktoba 1978 Shugaba Jimmy Carter, manomin gyaɗan nan da ya ziyarci Ikko a cikin wannan shekara, ya sa hannu a dokar da ta buɗe hanya. Ta fara aiki a watan Fabrairu 1979. Ta yardar wa baligi ɗaya galan 100 a shekara ba haraji, gidan da ke da baligi biyu ko fiye galan 200, bisa sharaɗin ba sayarwa. Amma ko wace jiha tana da nata ikon, har jihohin Misisipi da Alabama ba su yarda ba sai a 2013. Ingila ta riga su, domin tun 1963 Ministan Kuɗi Reginald Maudling ya soke lasin da a ke nema ga mai dafawa a gida.

Da tsoro ya kau sai sunaye suka fito. Sunayen masu dafawa a gida ba su cikin wata rajista, a bangon ɗakunansu kawai su ke. Amma waɗansu daga cikinsu sun fita daga madafa sun zama kamfanonin gaske, ta wurin sunayen waɗannan a ke gane yadda tunanin sauran ya ke tafiya.

Hanyar da aka fi bi ita ce ta wuri. Mutum ya dubi sunan titinsu, ko tudun da ke bayan gari, ko rafin da ya ke kamun kifi, ko ma ɗakin da tukunyar ta ke, ya ce kamfanin ɗakin mota, ko kamfanin ƙarƙashin bene. Wannan ba baƙon abu ba ne ga ƙasar da 'yan makaranta suka saba ɗaukar sunan garinsu, har aka sami Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ken Grossman ya fara dafawa a gida tun yana yaro, ya buɗe kantin sayar da kayan dafawa a garin Chico na jihar Kalifoniya, sa'an nan a 1980 ya soma kamfani da tsofaffin tankunan madara da ya tsinto ya gyara. Ya kira shi Sierra Nevada, sunan jerin duwatsun da ya ke son hawa. Sam Calagione ya buɗe nasa a 1995 a jihar Delaware, amma sunan da ya ba shi, Dogfish Head, na wani tsinin ƙasa ne da ya shiga cikin teku can jihar Maine, mil ɗari da yawa daga nan, inda ya kan je hutu da iyayensa yana ƙarami. Mai karatu ya lura da wannan. Ba wurin da tukunya ta ke ya zaɓa ba, wurin da zuciyarsa ta ke ya zaɓa. Jack McAuliffe kuwa, sojan ruwa wanda ya koyi dafawa sa'ad da aka kai shi aiki Sikotilan, tarihi ya tona. Ya kira ɗan kamfanin da ya kafa a Sonoma a 1976 New Albion, sunan da Bature mai yawon teku Francis Drake ya ba wannan gaɓa a 1579. Kamfanin bai yi ƙarko ba, ya rufe a 1982, amma sunan bai mutu ba, domin waɗanda suka biyo baya suna ambatonsa a kan shi ne ya fara nuna musu hanya.

Hanya ta biyu ita ce za ta fi ba Bahaushe mamaki, watau kare. A ƙasar Hausa in an haɗa sunan mutum da na kare an zage shi, ba kuwa mai sa wa dukiyarsa wannan suna. A can kare ɗan gida ne, yana da gadonsa da kwanonsa da likitansa. Ranar dafawa kuma doguwa ce, sa'a biyar ko shida, yawancinta jira da wanke-wanke. Uwargida ta gaji da warin hof ta fita, yara sun tafi wasa, wanda ya rage kwance kusa da murhu shi ne karen. Saboda haka in an zo neman suna shi ne a gaban ido. Samari biyu 'yan Sikotilan, James Watt da Martin Dickie, waɗanda suka fara dafawa a gida, da suka kafa kamfani a garin Fraserburgh a 2007 sai suka kira shi BrewDog, watau karen dafa giya, suna kuma faɗi cewa ma'aikatan farko mutum biyu ne da kare ɗaya.

Wani kuwa wata tafiya ce da ya yi ta tsaya masa a rai. Jeff Lebesch, injiniyan lantarki, ya zaga ƙasar Beljiyam bisa keke a 1988 yana ɗanɗana irin nasu. Da ya komo gida Fort Collins a jihar Kolorado, shi da matarsa ta lokacin Kim Jordan suka soma aiki a ɗakin ƙarƙashin gidansu, a 1991 suka fara sayarwa. Kamfanin suka kira New Belgium, watau sabuwar Beljiyam, giyar kuma Fat Tire, watau ƙatuwar taya, saboda irin tayar keken da ya hau. Wata maƙwabciyarsu ce ta zana musu hoton jan keke na jikin kwalbar. Wani kuma baya ya ke dubawa, wajen kakanni da mazan jiya. Jim Koch ya dafa tukunyarsa ta fari a madafarsa a 1984 da wata tsohuwar takardar haɗi ta kakan kakansa, amma sunan da ya manna na Samuel Adams ne, mutumin Boston, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsaya wa neman 'yancin Amurka daga hannun Ingila. Har gidan shugaban ƙasa al'adar ta shiga. A 2011 Shugaba Barack Obama ya sayi kayan dafawa da kuɗin aljihunsa, masu dafa abincin fadar suka yi aikin, da zumar da aka ɗebo daga amyar da ke lambun gidan. Suka kira ta White House Honey Ale, sunan gidan da sunan zuma, ba ƙari.

Saura hanyar da ta fi yawa cikin masu dafawa a gida, ita ce kuwa ta fi rauni, watau wasa da kalmomi. Sunan furen nan hof da Ingilishi ya yi daidai da kalmar tsalle, ya kuma yi kusa da kalmar fata da ta farin ciki, kamar yadda giya da giwa su ke kusa a Hausa. Sai mutum ya haɗa wata magana mai harshen damo, ya yi dariya shi kaɗai a madafa, yana tsammani shi ne ya fara ganowa. Alhali kuwa kalmomin sana'ar kaɗan ne, masu wasan kuwa dubbai, ko wane wasa da zai zo masa ya riga ya zo wa wani a wata jiha. Har wa yau abin dariya sau ɗaya ya ke ba da dariya. Wanda ya zaɓi sunan rafin garinsu zai iya faɗinsa shekara 20 bai gaji ba. Wanda ya zaɓi barkwanci, musamman na batsa, wata rana zai miƙa wa surukarsa kwalba yana rufe takardar da yatsa. Hausawa sun ce suna linzami.

Wani zai ce, ai don a yabe su su ke yi. Akwai wannan, amma ga wani abin da ya rage ƙarfin maganar. Masu dafawa a gida suna da ƙungiya a Amurka, wadda Charlie Papazian da abokinsa suka kafa a garin Boulder a 1978, suna kuma yin gasa inda a ke aiko da kwalabe dubbai. A wurin gasar nan an hana suna. Kwalba za ta zo ba takardar tambarin mai ita manne, ko rubutun da ke bisa murfi sai an shafe shi da baƙin tawada. A kan ba kwalbar lamba. Alƙalan gasa lamba kawai su ke gani, don kada sanayya ta shiga. Ashe a wurin nan guda da a ke auna gwanintar mutum da gaske, sunan da ya sha wahalar nema ba ya ko shiga ɗakin.

Inda sunan ya ke aiki a gida ne. Mai dafawa na ƙwarai yana da littafi, kamar littafin baitulmali. Ko wace tukunya da shafinta: ranar da aka dafa, nauyin hatsi, nauyin hof, zafin ruwa, ranar ɗura, da yadda ta fito. Mutumin da ya rubuta sunan kamfani a bangon littafin nan ya ɗauki wa kansa wani nauyi. Kafin suna, in tukunya ta lalace sai ya ce ai wasa ne. Bayan suna kuwa ya kan ji kunyar manna takardarsa bisa abin da ya san bai yi kyau ba, sai ya tuntsurar da garwa guda a magudana maimakon ya ba mutane. Ba sufeto, ba tara, ba mai ƙwace masa kome kamar zamanin Sarki Richard. Shi ne mai dafawa, shi ne kuma ma'aikacin ɗanɗanawa. Wannan ya fi yabo muhimmanci, shi ne kuma ya sa al'adar ba abin dariya ba ce kamar yadda ta ke a ido da fari. Ƙarƙashin wannan kuma akwai wani buri da ba kowa ke faɗi ba. Akawun da ya gaji da tebur, in ya dubi allon da ke bangon ɗakin motarsa, ya kan ga wata rana allon nan a bakin titi.

Waɗansu kuwa burin ya cika musu, a nan ne kuma wahala ta ke farawa. A 1978 kamfanonin giya na Amurka duka ba su kai 100 ba. A 2022 sun wuce 9,000, da yawansu kuwa a madafa aka haife su. Ko wane kamfani yana da irin giya goma ko ashirin, ko wace iri da sunanta. Duwatsu da rafuka da karnuka sun kusa ƙarewa. Mai dafawa a gida yana da 'yancin da babban kamfani ba shi da shi: ya kira tukunyarsa abin da ya ga dama, ko da mutum ɗari sun riga shi, ba mai kula shi tun da ba ciniki ya ke yi ba. Ran da ya karɓi kuɗin kwalbar farko, ran nan sunan ya zama dukiya, dukiya kuwa tana da masu ita. Sai ya bincika rajista, sai ya biya lauya, in kuma zai kai kaya wata jiha sai wani ofishin gwamnatin tarayya ya duba takardar kwalbar ya yarda. Ba sau ɗaya ba mutum ya kan tarar sunan da ya yi shekaru yana kira a gidansa, wanda abokansa suka san shi da shi, wani ya riga ya yi masa rajista, tilas ya sake wani bayan ya riga ya buga alluna.

Girman abin da ke cikin suna ya bayyana a wata shari'a da aka yi a San Diego. Wani kamfani mai suna Stone, watau dutse, wanda aka kafa a 1996, ya kai ƙarar babban kamfanin MillerCoors a 2018. Babban kamfanin yana da wata giya mai araha mai suna Keystone, sai ya sake zanen gwangwanin, ya raba kalmar biyu, ya ƙara wa rabin ƙarshe girma har mai kallo daga nesa Stone kawai zai gani. Aka yi shekara huɗu ana jayayya. A watan Maris 2022 masu taya alƙali yanke hukunci suka ce a biya Stone dala miliyan 56. Haruffa biyar ke nan, an yi musu kuɗi fiye da dala miliyan 11 ko wanne.

Amma ba kullum a ke zuwa gaban alƙali ba. Adam Avery na garin Boulder, wanda shi ma a gida ya koyi aikin, da Vinnie Cilurzo na kamfanin Russian River a Kalifoniya, sun gano ko wannensu yana da giya mai suna Salvation, watau ceto. Ba wanda ya saci na wani, tunani ne ya zo ɗaya. Bisa al'adar kasuwa ɗaya zai aika wa ɗaya da takardar lauya, a yi ta kashe kuɗi har mai ƙaramin aljihu ya gaji. Su kuwa sai suka zauna da kofuna, suka yi ta gauraya ta wannan da ta wancan, suna ɗanɗanawa, har suka sami awon da ya yi musu. A 2006 suka dafa gaurayen don sayarwa, matar Cilurzo ta ba shi suna Collaboration Not Litigation, ma'anarsa a haɗa kai, kada a kai ƙara. Ko wannensu kuma ya ci gaba da kiran tasa Salvation. Wannan sulhu ya yiwu ne domin dukansu biyu ƙanana ne a lokacin, sun san juna, suna iya zama tebur ɗaya. Da ɗaya ya fi ɗaya sau dubu, da wuya a ce kofuna za a ɗauko.

Mutumin ɗakin mota dai duk wannan bai dame shi ba tukuna. Damuwarsa kwalabe ce, gama saye su ke, ko kuwa tarawa ɗaya ɗaya. Saboda haka ƙarƙashin sunan kamfani da hoton kare wani ya kan ƙara layi guda da ƙananan haruffa, yana roƙon a wanke kwalbar a mayar masa. Kuma ba ya manna takardar da gam mai ƙarfi irin na kamfani, domin kankare shi aiki ne. Da yawansu madara su ke amfani da ita. Mutum ya zuba 'yar madara a faranti, ya shafa a bayan takardar da buroshi, ya ɗora bisa kwalba ya danna, in ta bushe ta kama sosai. Sa'ad da kwalaben suka komo daga gidajen abokai sai ya jiƙa su cikin ruwan ɗumi, takardun su saɓule su taso sama, ya kwashe ya zubar, ya wanke kwalaben ya kife su su tsane, domin akwai wata garwa a kusurwar ɗaki wadda za a ɗura ran Asabar mai zuwa.